Ranar da Na Raina Sana'ar Yaya

A gidanmu, can tsakanin Kura da Bunkure, mu biyu ne muke cin abinci da tuƙi. Yayana yana jan babbar mota, yana ɗaukar tumatir da albasa daga Kwanar Gafan zuwa Kudu. Ni kuma mataimakin matuƙi ne a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama da ke zirga-zirga a cikin gida. Shi direba ake ce masa. Ni kuwa tun ranar da aka ga hotona da farar riga da igiya biyu a kafaɗa aka laƙaba mini Kyaftin, alhali ban kai wannan matsayi ba. Na gyara wa mutane sau ɗaya ko biyu, daga baya na ƙyale su, don sunan yana mini daɗi.

Mutanen gari sun ɗauka ina ɗibar kuɗi da buhu. Ba su san cewa albashin mataimaki a ƙaramin kamfani, in ka cire hayar gida a Kano da ɗawainiyar iyali, ba ya kai ka ƙarshen wata ba. Wani lokaci ma sai wata ya mutu, na biyu ya raba, ba a biya mu ba. In kakar tumatir ta yi kyau, abin da Yaya ke samu a tafiye-tafiyensa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Shi ya sayar da gonarsa ta gado da ke bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ya kai ni makarantar koyon tuƙin jirgi bayan rasuwar mahaifinmu. Duk sa'ad da sabunta lasisi ya taso, ko gwajin lafiyar da ake mana, shi nake kira. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba.

Wata shekara hedimastan firamaren garinmu, wanda ya koyar da ni a aji huɗu, ya aiko cewa yana so in zo bikin ba da kyaututtuka in yi wa yara jawabi. Ya ƙara da roƙon in zo da kayan aiki a jikina, don yara su gani da idonsu. A lokacin motata ta yi wata biyu a gareji. Da na gaya wa Yaya zan hau motar haya, sai ya ce, "A'a, Auta. Ba za ka sauka a tasha da wannan farar rigar ba." Ya ari ƙaramar motar maƙwabcinsa, ya je har Kano da sassafe ya ɗauko ni.

An kafa rumfa a filin makaranta. Aka zaunar da ni a gaba, tsakanin dagaci da wakilin ƙaramar hukuma, aka ajiye mini ruwan roba mai sanyi. Yaya ya gyara wa motar tsayuwa, ya koma gindin darbejiya inda iyayen yara suke tsaitsaye. Na gan shi. Da na ce a kawo masa kujera, da an kawo. Ban ce ba.

Jawabin ya fara lafiya. Na ba su labarin yadda gonakin shinkafarmu suke daga sama in mun taso daga Kano muka yi kudu, kore shar, kanal ya ratsa su kamar zare. Yara suka buɗe baki. Da na ga sun bi ni, sai kaina ya fara girma. Na ɗaga murya na ce, "Ku dage da karatu. Wanda ya yi karatu shi ke tuƙa jirgi. Wanda ya yi wasa kuwa, ƙarshensa tasha, ya ƙare a direban mota yana jigilar kwandunan mutane."

Aka yi dariya, aka tafa. Dagaci har da gyaɗa kai. Ban ji na yi wani abu ba sai da aka zo rabon kyauta, aka kira wadda ta zo ta ɗaya a lissafi a aji shida. 'Yar Yaya ce ta fari. Ni aka miƙa wa littattafan in ba ta. Yarinyar da kullum in na zo gida take rugowa ta karɓi jakata, ta zo ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, idonta a kan takalmina. Na ce, "Allah ya yi albarka." Ta ce amin ciki-ciki, ta juya. A nan na ɗaga kai na nemi Yaya a gindin darbejiya. Yana nan, yana tafa wa 'yarsa.

A hanyar komawa Kano muka wuce injinan casar shinkafa. Yaya ya tsaya a bakin kanal, muka yi alwala muka yi la'asar a kan tabarmar wasu masu yankan albasa. Da muka koma mota bai tayar ba. Ya ce, "Auta, in tambaye ka mana. Ku in kun yi tuƙi kun gaji, yaya ake yi?"

Na ce akwai doka. In ka cika awoyinka dole ka sauka ka huta, ko kamfani yana so ko ba ya so.

"To madalla," in ji shi. "Ni in na gaji, tumatir ba ya jira. In na kwanta ya ruɓe, manomi goma sun yi asarar shekararsu. Sai in wanke ido in ci goro in ci gaba. Ga shingaye, ga ramuka, ga masu tare hanya. Shekara ashirin da ɗoriya, ban taɓa kayar da kayan kowa ba."

Na ce, "Yaya, wallahi ba da kai nake ba."

"Da wa kake?"

Ya yi murmushi, ya murɗa makulli. Ya ce, "Ni ba ka ɓata mini ba. Ni na so ka yi karatun, kuma ko gobe aka ce in sake, zan sake. Amma yarinyar nan duk ajinsu sun san motar ubanta."

Bai ƙara tayar da zancen ba. Har ƙofar gida ya kai ni, ya gaisa da matata, ya ƙi tsayawa cin abinci don yana da lodi washegari.

Na yi mako biyu ina juya maganar kafin na iya komawa gida. Na tarar Yaya yana Kudu. Bayan na gaisa da matarsa, na sa aka kira mini yarinyar a zaure. Na shirya kalamai tun daga Kano, amma da ta zauna a bakin tabarma sai duk suka gudu. Na ce, "Maganar da na yi ranar nan, kuskure na yi. Duk abin da na zama, babanki ne."

Ta ce, "Ba komai, Baffa."

Na ce ta gaya mini gaskiya. Sai ta ce, "Washegari 'yan ajinmu sun yi ta cewa Kyaftin ya ce babana jahili ne."

"Ban ce haka ba."

"Ba ka ce ba, Baffa. Amma haka suka ji."

Uwarta ta kira ta daga ciki. Ta tashi, ta dawo da kwanon shinkafa da wake, ta durƙusa ta ajiye, ta koma. Na zauna ni kaɗai a zauren ina jin surutun yara a waje, na kasa kai loma uku.

Yanzu ta gama sakandare. Tana gaishe ni da ladabi, ina amsawa, sai kowa ya kama gabansa. Hedimasta ya sake aiko mini da gayyata sau biyu bayan nan. Duka biyun na ce masa ina da aiki, kuma a guda ɗaya ƙarya na yi.