Daminar da Na Yi wa Kaka Kukan Kwaɗi

Ko haƙorana za su zube tas saboda tsufa, ba zan manta da daminar da na zama kwaɗo ba. Shekarata goma sha biyu a lokacin, muna ƙauyenmu kusa da Babban Duhu.

Kakana yana da wata ƙa'ida. Ko an yi ruwan farko, ba ya shuka sai ya ji kwaɗin kududdufin bayan gidanmu sun yi kuka. Ya ce a cikin ƙasa suke ɓuya duk rani, ba sa fitowa sai ƙasa ta sha ruwa har ciki. Ni kuwa Allah ya hore mini maƙogwaro. Jaki, zakara, babur ɗin da ya ƙi tashi, babu wanda ba na kwaikwayo.

Rannan aka yi ruwa da la'asar, mai ɗan dama. Ana idar da sallar magariba na ja abokaina biyu muka laɓe a bakin kududdufi. Ni ne babban burduddugi, su ƙananan. Muka dinga "ƙworrr, ƙworrr" har karnukan unguwa suka yi tsit suna saurare. Wallahi niyyata kawai in ga tsoho ya fito da gudu ba takalmi.

Bai fito ba. Amma da safe sai ga shi da sungumi a kafaɗa, ya miƙo mini ƙwaryar irin geronsa, irin da ya gada wajen mahaifinsa, wanda ba a samunsa a kasuwa.

"Tashi, ja'iri. Malaman kududdufi sun yi magana. Ni sara, kai zuba iri."

Da hannuna na zuba shi. Kowane rami sai in buɗe baki in faɗa, sai in ga sandarsa, in rufe.

Daga nan sama ta ɗauke kamar an kulle ta da makulli. Gero ya tsiro, ya yi kwana biyu yana fara'a, sannan ya fara sunkuyar da kai. Ni ma haka. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na kalli gabas har wuyana ya ƙage. Tuwo ya koma mini kamar yashi. Har kududdufi na je na durƙusa ina roƙon kwaɗi su fito su rufa mini asiri, ko tari babu wanda ya yi.

A kwana na tara na iske Kaka tsugune a gona, yana murza busasshen tsiro a tafin hannunsa. Ya ce, "Shekara sittin kwaɗin nan ba su taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ce, "Kaka, ba su yi ba. Ni ne."

Ya ce, "Yi in ji."

Na yi masa kukan kwaɗon.

"Shi ya sa. Na ce wannan burduddugin mura ke damunsa." Bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga sanda ba. Da ma dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya kwance ƙullin tsumman da ke aljihunsa, ya nuna mini abin da ya rage na irin. Bai cika tafin hannu ba.

Da ruwan gaske ya sauka, kwaɗin gaske suka cika gari da ihu, na ji kunyar muryata. Wannan ɗan tafin irin kunya huɗu kacal ya ishe mu shukawa a gonar. Sauran gonar irin kasuwar Batsari aka sa mata, Kaka yana zubawa yana tsaki. Kunya huɗun nan na yi gadinsu har girbi, ko tsuntsu sai ya nemi izinina kafin ya gifta.

Har yanzu ina tsokana, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na koyi cewa kukan kwaɗo ba surutu ba ne, labarin ƙasa yake kawowa. Kuma duk abin da mutum ya dogara da shi ya ci abinci, ba a wasa da shi.