Farar Ƙasa a Maƙabartar Shidi

Shambe ɗan ƙabilar Shidi ne, jikan bayin da aka kwaso daga Zanzibar aka sayar a gaɓar teku ta Makran. Ya yi ƙuruciyarsa yana shanya kifi a ƙauyen Gazdan har gishiri ya cinye masa farata. Da ƙarfi ya ƙare, sai ya koma kula da maƙabartar kakanninsa, aikin da ba wanda ya ɗora masa.

Maƙabartar tana can bayan gari, don iyayengiji ba su yarda a kwantar da bawa kusa da nasu ba. Kaburburan ba suna, ba rubutu. Dutsen bakin teku ne ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Iska da awaki sun karkatar da wasu, rairayi ya haɗiye wasu, ƙaya ta rufe saura.

Ana nan sai aka ce titin sabuwar tashar jiragen ruwa zai bi ta wurin. Wani jami'i zai zo dubawa. In ya tabbatar tsohuwar maƙabarta ce, titi ya kauce. In bai tabbatar ba, katafila ta shiga.

A Gazdan, in babban baƙo zai zo, share gida ake yi a shafe bango da farar ƙasa. Shambe ya ɗauki adda ya sare ƙayar. Ya tono duwatsun da suka nutse ya wanke, ya ja igiya ya jera su layi-layi, ya cike giɓi da sababbi, sannan ya bi su da farar ƙasa.

Yayarsa Mahganj ta kawo masa shayi da dabino, ta tsaya tana kallo.

"Kai ɗan tsohon nan, amarya ce za ta tare, ko biki za ka yi wa matattu?"

"Yaya, ki bar ni. Da ransu an gan su tsirara a kasuwa. Ba zan bari baƙo ya gan su cikin kashin awaki ba."

Ta naɗe hannun riga ta kama masa.

Jami'in ya iso da hantsi. Ya goga yatsa a dutse, ya dubi farin da ya maƙale masa.

"Baba, wa ya koya muku wannan? Haka masu cin fili ke yi a birni. A jera duwatsu, gari ya waye a ce kabari ne."

"Yallaɓai, ni na gyara da hannuna."

"To ka ji, da bakinka ma ka faɗa."

"Ɗana, kakata tana nan kwance," in ji Mahganj.

"Inna, ni ban santa ba. Ku tona ɗaya in ga ƙashi, in rubuta."

Tona kabari ba ƙaramin abu ba ne. Shambe ya yi salati, ya nemi gafarar mai wurin, ya sa shebur tsakanin duwatsu biyu. Ya haƙa har ƙugu, ya haƙa har ƙirji. Rairayi kawai. A cikin ramin ya gane: da ya ja igiya ya miƙe layi, ya ɗauke kowane dutse daga kan mai shi. Jami'in ya kaɗe takalminsa ya shiga mota.

Bayan damina katafila ta zo. Tun a tafiyar farko ƙasusuwa suka fito, a tsakanin layukan, inda ba dutse. Direban ya kashe inji ya sauko yana salati. Aka ba Shambe wa'adi zuwa azahar. Shi da Mahganj suka tsince abin da suka iya a tabarmin shanya kifi, ba su san na wa da na wa ba.

Ya binne su a tsakar gidansa, rami ɗaya. Da aka idar da sallar azahar, injin katafila ya tashi.