Shekarar da Na Daina Kai Niƙa Inji

Iyakar karatuna na boko aji huɗu ne. Na faɗi wannan tun farko don a gane nauyin da ya hau kaina ranar da maigidana ya shigo da ƙaramin baƙin allo da kwalin alli, ya jingina allon a jikin ɗakina, ya ce daga yau ni ce makarantar yarinyar nan.

Yarinyar nan 'yata ce ta fari. Ba na faɗin sunanta. Haka na taso na ga uwata tana yi da yayana, haka kuma na tarar a gidan mijina a Kiyawa, gidan malamai, inda kunyar ɗan fari ta fi ta gidanmu ƙarfi. Uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta jan shi jikinta a gaban mutane, in ana maganarsa sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Tana da sikila, shekararta bakwai a lokacin. Makarantar da aka sa ta tana can bayan kasuwa. In ta je kwana biyu sai ta kwanta biyar, ƙashi na ciwo, balle ruwan sama ya taɓa ta a hanya. Malam, maigidan nawa, ya ce ta zauna gida. Shi zai riƙa biya mata allonta da safe kafin ya fita zaure wurin ɗalibansa, boko kuma nawa ne.

Kafin in koya mata shafi sai na koya wa kaina tukuna, a bakin murhu, littafin a kan cinya, ina juya miya. Ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna kan tabarma da ita, ƙafata rawa take yi. In tashi in duba ƙaninta da ke barci, in dawo in ɗaga mata fatar ido in ga ko ya yi ɗorawa, in ba ta ruwa, in manta na ba ta in sake ba ta. Gabana faɗuwa yake yi ba a yi komai ba. Kaza ta yi tsalle daga kan katanga sai in ji kamar an aiko da mummunan labari. Abin kuma sai ya riƙa fitowa ta bakina. Tsawa. Yarinya mai haƙuri irin wannan, ni kuwa ina yi mata tsawa a kan tara a cire huɗu.

Wata Talata na buge mata hannu. Ba da ƙarfi ba, amma hannun nan ne da yake kumbura in ciwon ya tashi, wanda nake gasa mata da ruwan ɗumi. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi hannun, ta mayar da shi ƙarƙashin hijabinta, ta ce, “Biyar ne.”

Inna, uwar mijina, ɗakinta yana jikin nawa. Bayan kwana takwas sai ga yayar Malam daga Garki. 'Ya'yanta mata duk sun yi aure, gidanta kuma ga makaranta a ƙofa, ga asibiti ba nisa. Bayan an ci abinci ta ce da Inna da ƙaninta, “Yarinyar nan ni zan riƙe ta. Bayan babbar Sallah zan zo in tafi da ita. Uwarta ma ta huta.”

Ina wurin, ina kwashe kwanuka. Malam ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na kau da kai, yadda aka koya mini. Inna ta ce, “Allah ya kai mu.” Na shiga madafa na tsaya riƙe da kwanukan, na rasa inda ake ajiye su.

Duk wata muna zuwa Dutse asibiti a duba yarinyar. Wannan karon, a kan benci, wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba ta gama da yarinyar sai ta tsaya tana kallon ƙafata.

“Ke kuma fa, Maman yara? Benci duk girgiza yake.”

Na ce lafiyata lau. Ta ɗaura mini abin awon jini duk da haka, ta saurari ƙirjina, ta tambaye ni barci, ta tambaye ni ci. Ta ce jinina daidai yake. Ta ce damuwa ce, kuma in ta ƙi sauka in dawo in ga likita, ba abin kunya ba ne. Sannan ta ce, “Kina motsa jiki?”

“Ina shara, ina wanki, ina girki.”

“Wannan wahala ce, ba ita na tambaye ki ba. Ina nufin abin da zai sa ki haki, ki yi gumi sharkaf, kullum, ko na ɗan lokaci ne. Ki riƙa tafiya da sauri.”

A cikin adaidaita muna komowa, duwatsun nan na Dutse suna wucewa, ina ta tunanin ina zan tafi. Matar malam ba ta fita sai da dalili: suna, gaisuwar mutuwa, dubiya. Tafiyar da ba inda za a je sunanta yawo. Sai na gwada a tsakar gida. Taku goma sha tara ne daga bakin rijiya zuwa garken awaki. Na yi zuwa da dawowa sau shida, ƙaramin yana bina a baya yana dariya, sai Inna ta ɗaga labule.

“Me kika ɓatar?”

“Ba komai, Inna.”

“To zauna mana, kina sa ni jiri.”

Washegari na sake, ta fito da tsintsiya za ta taya ni nema. Na bari.

Turmin a bayan rumbu na gan shi, an kife shi, kaji suna kwana a kai. Na Inna ne tun tana amarya. Tun da inji ya zo unguwar ba wanda ya ƙara surfe ko daka a gidan, sai dai ɗan ƙaramin turmin yaji. Taɓare biyu suna jingine a kusurwa, gara ta ɗan taɓa ɗaya. Ni kuwa a ƙauyenmu wajen Miga da daka na girma. Na tuna yadda nake sauke taɓarya ina haki, bayana ya jiƙe, kaina fayau ba komai a ciki. Na mirgino shi, na wanke, na shanya. Da safe bayan Malam ya fita zaure, na auni geron kunu da na fura, maimakon in ba da a kai inji sai na yayyafa masa ruwa na zuba.

Bugu talatin na yi na tsaya, kafaɗuna kamar an ɗora musu dutse. Tafin hannuna ya yi bororo kafin azahar. Amma da na zauna kan tabarma ranar, ƙafata ba ta yi rawa ba, ta gaji. Muka yi shafi ɗaya da rabi ba tsawa.

Ba zan ce abin ya tafi ba. Da la'asar yakan dawo, faɗuwar gaban nan, kuma in idonta ya canza launi ba turmin da ke hana ni firgita. Sai dai safiya ta zama tawa. In na ɗaga taɓarya, tunanin Garki yana nan, tunanin aji huɗuna yana nan, amma dole in kula da inda zan sauke ta, in ba haka ba gero ya watse kaji su samu. Wajen bugu na ɗari numfashi ya cika mini kunne, ba na jin komai sai shi. In na gama surfe in bakace dusar, in wanke, in koma ribɗi. Sannan in watsa ruwa in zo in zauna da gajiya a jikina, wadda na fi so da waccan rawar ƙafar.

Yarinyar takan zauna a inuwa da kofin ruwanta, don ba a barinta ta yi aikin ƙarfi. Ita ta fara ƙirga mini bugun, ba ni na sa ta ba. Da farko takan ɓace a sittin da wani abu. Daga baya ta riƙa jan layi a ƙasa duk bugu goma. Wata rana ta ce, “Jiya ɗari biyu da arba'in kika yi kafin ki huta, yau ɗari biyu da goma. Kin rage talatin.” Na tsaya da taɓarya a sama. Wannan lissafin ban koya mata shi ba, yana shafin da ni kaina ban kai ba.

Unguwa kuwa ta ɗauka. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga da kwanonta, wai ta ji na fara fura ta sayarwa. Wata ta aiko tambaya ko biki za a yi ba a gaya mata ba. Inna abin bai yi mata daɗi ba.

“Yanzu sai a ce ɗana ya kasa kai miki niƙa. Gidan malamai guda, kullum dum-dum kamar ƙauye.”

“Inna, ku yi haƙuri. Furar ce ta fi daɗi.”

“Daɗi ta fi,” in ji ta, ta saki labule. Ba ta hana ni ba. Bayan kwana biyu ma sai na ga an shafa wa taɓarya mai an goge inda gara ta ci.

Malam ya tambaye ni sau ɗaya, yana kallon kantar hannuna, ko wani ne ya sa ni. Na ce ma'aikaciyar asibiti ce. Ya ce bai taɓa jin an rubuta wa mutum turmi ba. Maganar Garki ba mu taɓa yin ta ba, ni da shi. Shi yana jira in ce wani abu, don ba zai iya hana yayarsa ba in uwar yarinya ba ta nuna komai ba. Ni kuma bakina ba ya buɗuwa. Sallah tana matsowa, ina ƙara mudu. Har dawar tuwo na koma dakawa.

Kwana tara bayan Sallah Yaya ta iso, da hantsi, da jaka babba wadda ba komai a ciki. Na ga jakar kafin in ga fuskarta. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa, na rasa abin da zan yi da jikina, sai na koma kan turmi don geron yana jiƙe.

Ta fito daga ɗakin Inna tana dariya. “Ashe gaskiya ne! An ce amaryarmu ta koma zamanin kakanni. Haka ake riƙe taɓarya a Miga? Kamar mai kashe kunama?”

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ɗauki ɗaya taɓaryar. Ta haura shekara hamsin, amma da ta sauke bugun farko sai da ƙasa ta amsa. Muka shiga lugude, ita ta sauke ni in ɗaga. Tana jefa taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe. Inna ta jawo kujera. Yarinyar tana inuwa tana ƙirgawa a bayyane.

“Saurara mana, 'yar ƙauye, za ki fasa wa uwata turmi!”

Ban saurara ba. Gumi yana shiga mini ido, numfashi ya toshe mini kunne, idona yana cikin turmi, ba na ganin fuskar kowa. A nan maganar ta fito, tsakanin bugu da bugu, ban shirya ta ba.

“Yaya, ku bar mini ita.”

Taɓaryarta ta sauka, tawa ta sauka.

“Me kika ce?”

“Ku bar mini ita. Ina so in riƙe ta.”

Ta tsaya. Ni ma dole na tsaya, don lugude ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Kunya ta rufe ni tun daga ƙafa, na ji da ƙasa za ta buɗe da na shige. Yaya ta juya wajen Inna.

“Inna, kin ji rashin ta-ido? 'Yar fari fa! A gabanki!”

Inna ta daɗe tana kallon turminta. Ta ce, “Na ji. Ni dai tun da aka fara dakan nan ban ƙara jin tsawa ta bangon nan ba. Da ina ji kullum, shi ya sa na aika miki.”

Sai a ranar na san ita ce ta aika.

“Ɗari uku da sittin da biyu,” in ji yarinyar daga inuwa. “Amma na Gwaggo ne ɗari da tamanin da ɗaya, don rabi-rabi kuka yi.”

Yaya ta dube ta, ta dube ni, ta goge fuska da bakin zani. Ba ta ce ta fasa ba. Ta ce za ta dawo bayan kaka ta ga karatun da idonta, in ta tarar an koma gidan jiya ba za ta sake tambayar kowa ba. Da la'asar ta tafi, na cika mata jakar da garin da muka daka da dabinon Dutse. Ba ta yi mini sallama da fara'a ba, kuma har yau in muka haɗu a biki sai ta ce ga marar kunyar Miga.

Da motar da ta shiga ta tashi na dawo tsakar gida, gabana yana faɗuwa kamar kullum, ina lissafin watannin da suka rage kafin kaka da shafukan da ban iya ba. Na ɗaga wa yarinyar fatar ido, fari ne. Na auni geron gobe na ajiye kusa da turmi, na ɗauko littafin aji uku na buɗe a kan cinya.