Azumi a Duniya Mai Wata Biyu

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ina koyar da Hausa a wata sakandare a Ƙaura Namoda. Teburina na kusa da na malamin kimiyya, wani dogon mutumin Zurmi mai yawan shiru. Shi ya fara kawo mini wasu takardu da ya ɗinke da zare, ya ce in duba masa rubutun.

Mujalla ce ta ƙage. Wai bayan shekaru ɗaruruwa Hausawa sun yi ƙaura zuwa duniyar Mars, sun kafa jami'a, malamanta kuma suna fitar da Mujallar Masanan Jar Ƙasa. Akwai binciken wani farfesa kan dalilin da ya sa gero ke ƙin yin zangarniya a can, da raddin da wani ya yi masa, har da gyaran kuskuren fitowar baya. Shi kaɗai ya rubuta su duka. Na yi dariya, sannan na roƙe shi ya ba ni shafi. Muka riƙa gurza kwafi kaɗan a injin takardun jarrabawa, malamai na karɓa hannu da hannu.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a na je gida Shinkafi da fitowa ta huɗu cikin jaka. Mahaifina alƙali ne, ba a wasa a gabansa. Da hantsi na same shi a zaure da ita a hannu, ya buɗe daidai maƙalata kan ganin watan azumi a Mars, duniyar da ke da wata biyu. Na tsaya daga bakin ƙofa, don lokacin kowa na auna abin da yake faɗa.

"Wa ya rubuta wanga?"

"Ni ne, Baba. Wasa ne kawai."

"Wasa ko ba wasa ba, ka yi kure. Ba da watansu za su yi aiki ba. Yininsu awa nawa ne?"

Na ce ya ɗara namu kaɗan. Ya sa na ɗauko biro. Har azahar yana jawo littattafai yana yi mini shifta, mutum biyu na jiransa a waje.

Da abokina malamin kimiyya ya karanta shiftar Baba, sai ya tashi tsaye a ofishin malamai, ya ce, "Yau mujallarmu ta samu malami na gaske!" Muka buga ta a matsayin wasiƙar wani alƙali daga tsohuwar duniya.

Ba mu wuce fitowa ta shida ba, aka ɗauke abokin nawa zuwa ma'aikata a Gusau. Na gwada yi ni kaɗai, abin ya ƙi armashi. Baba kuwa har ya rasu bai yarda an gama muhawarar ba. In na je gida yakan ce akwai maganar alƙibla da bai taɓo ba tukuna.