Kyandirorin Kawu

Kawuna bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, amma a watannin ƙarshe na shekarar 1999 babu wanda ya kai shi sanin cutarta a duk Hindawiyya, unguwarmu a Jidda. Lokacin ina ɗinki a shagon da yake da rabin jari a ciki. Ɗaya rabin na wani Alhaji ne ɗan Nijar, mutum mai sanyin magana.

Bayanin Kawu shi ne, in shekara ta juya zuwa dubu biyu, kwamfutocin duniya za su ɗauka an koma baya da shekara ɗari, su rikice. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, banki ya manta da kowa. A rediyo ya ji, ya ƙara nasa. Ya fara kiran kansa mai zuba jari, ya kuma ce duk manyan masu jari na duniya ra'ayinsu ɗaya da shi.

Alhaji ya ce, "Ai hukuma ta faɗa a talabijin an gyara komai. Halas, magana ta ƙare."

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. "Ka taɓa jin gwamnatin da ta fito ta ce ba ta shirya ba? Ranar da suka ce a kwantar da hankali, ranar mai hankali yake tashi."

Sati bai cika ba ya sayar wa Alhaji rabin shagonsa. Ya ɗauki mota zuwa Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanonin Jidda, ya sayo kyandir, kwali a kan kwali, muka yi ta hawa da su ɗakin saman bene muna azumi, don abin ya faɗo cikin Ramadan. Ina haki ina tambayarsa ko bai yi yawa ba. Ya ce, "Kai ɗinki ka sani. Yalla, maza ɗauki na gaba. In Jidda ta yi duhu, har masu manyan gidajen unguwar Bagdadiyya za su zo ƙofata suna gaishe ni."

Ba zan ce na fi shi wayo ba. Umara na zo na zauna, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mini, kuma wani ya raɗa mini cewa in kwamfutar hukuma ta manta, ta manta da ranar shigowata. Mu da yawa muka riƙe wannan fata. Mutanen da ba su san inda ake kunna kwamfuta ba suka duƙufa addu'ar Allah ya haukata ta.

Ranar ɗaya ga Janairu na tashi na tarar na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnaninta. Famfo ya kawo ruwa. Fitilun titi suna ja suna kore. A bakin shago na ga motar 'yan sanda ta tsaya ana duba takardun mutane yadda aka saba, na koma ciki da sauri na zauna bayan keken ɗinki.

Kawu ya iso da hantsi. Alhaji ya miƙa masa hannu ya ce, "Ya duhun?"

Kawu bai ko yi murmushi ba. Ya ce mu jahilai ne, kwamfutocin ƙasar nan da kalandar Hijira suke aiki, sai Muharram ya kama za mu gani. Muharram ya kama, ya wuce. Ya ce cutar a hankali take ci.

Sai zafin Jidda ya shigo. Wata rana matarsa ta hau shanya ta ga wani farin abu ya biyo ƙarƙashin ƙofar ɗakin saman ya daskare a matakala. Da muka buɗe, kyandirorin sun lanƙwashe sun manne da juna, kowane kwali ya zama dunƙule guda da lagwani ɗari a cikinsa. Kwana biyu muna kankare siminti da wuƙa.

Daga baya Kawu ya dawo shagon, wannan karon a kan albashi, yana yanka yadi a ƙarƙashin Alhaji. Har ya rasu bai yarda ya yi kuskure ba. Cewa yake gwamnatoci sun ji tsoron maganar irinsu ne suka tashi suka gyara, kuma ko godiya ba a yi musu ba.