Lodi a Karkace

Aikin da na iya a duniya ɗaya ne, yi wa jirgin ruwa lodi. A bakin kogi a Yawuri na tashi. Ban yi boko ba. Tun ina ɗaukar rabin buhu aka koya mini cewa jirgi a daidaice yake zama. Buhun albasa a dama, buhun albasa a hagu. In mai jiki ya zauna nan, ka nemo wani mai jikin ka zaunar can. Kafin a kwance jirgi ka hau tudu ka dube shi. In ya karkata ko da yatsa biyu ne, a sauke a sake.

Sau ɗaya na ga an ƙi sakewa. Ranar kasuwa ce, ana sauri. Ina cikin jirgin. Na fito, ƙanena bai fito ba. Iyakar abin da zan ce ke nan a kai.

A London na yi wanke-wanke, na yi gadi, na yi shara. Akwai shekarar da na yi lokacin sanyi gaba ɗaya ina kwana a waje, wajen Woolwich. Tarin da na kwaso a lokacin har yau bai sake ni ba. Na san jikina, ba zai ɗauki sanyi na biyu a waje ba.

Lokacin da abin nan ya faru ina kwana a kujerar falon wani direban bas ɗan Kontagora, a Plumstead. Ganye ya fara zuba. Wata safiya yana ɗaura takalmi ya ce, "Yaya, an ba su biza. Lahadi ta sama za su sauka, uwargida da yara uku. Flat ɗin dai ka gani."

"Na gani."

"Ba korarka nake yi ba fa."

"Na sani."

Korata yake yi, kuma yana da gaskiya.

Ran Juma'a bayan an sallame a masallacin Regent's Park na haɗu da wani dattijo mutumin zangon Kumasi da muka taɓa gadi tare. Yanzu yana yankan ciyawa a wani tafki can yamma, inda jiragen sama ke sauka. Na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce mai wurin tana neman wanda zai riƙa shirya mata jirgin ruwa da safe, ya kuma kwana yana gadin jiragen har sanyi ya wuce. Akwai karaban a bayan rumfar jiragen, wato ɗakin ƙarfe mai taya, da gado da hita mai ɗumama ɗaki.

"Kai ba ɗan ruwa ba ne? Madam yana neman ɗan ruwa." Hausarsu ta zango haka take, mace ma "ya" ce.

"Baba, ko ɗan wuta take nema zan zo."

Tafkin tsohon rami ne da aka haƙi tsakuwa, ruwa ya cika shi. Sai ka bi tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ƙarshe, ka hau bas, ka taka. Madam Baturiya ce, ta haura hamsin, iska da rana sun ci fuskarta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce gwaji ne, Litinin zuwa Asabar. In na yi, aiki da karaban nawa ne. In ban yi ba, akwai wani yana jira.

Wasan nasu ban taɓa ganin irinsa ba. Jirgi yana tafiya a hankali, ya tayar da raƙumin ruwa a bayansa, mutum ya tsaya a kan allo ya hau raƙumin. Da farko yana riƙe da igiya. In raƙumin ya yi kyau sai ya jefar da igiyar, ruwan kaɗai ya riƙa tura shi. Abin da suke biya ke nan, jefar da igiyar.

Raƙumin kuwa ba ya tashi sai an danne jirgin da nauyi. Balas suke kiran nauyin. Iri biyu ne: manyan jakunkunan roba da ake cikawa da ruwan tafkin da famfo, da ƙananan buhunan dalma da ake turawa ƙarƙashin kujeru. Jirgin Madam tsoho ne, komai da hannu ake yi.

Ranar Litinin ta nuna mini da kanta. Jaka mafi girma a gindin jirgi, ɓangaren hagu. Wata a ƙarƙashin kujerar hagu. Dalma takwas, duk hagu. Ƙaramar jaka ɗaya a goshi, don raƙumin ya yi tsawo. Dama babu komai. Ina tsaye a kan gadar da ake ɗaure jiragen ina kallon jirgin yana kwanciya kamar jakin da aka ɗora wa kaya gefe ɗaya.

"Madam, ya karkace."

"Haka ake so. In bai karkace ba ruwan zai rabu biyu, kowane gefe ya samu rabi, babu mai kyau. Ka gane?"

Na gane. Ba zan ce Turanci ne ya ruɗe ni ba. Ta faɗa a fili, dattijon ma ya maimaita mini da Hausa.

Talata da safe ni kaɗai na yi lodin. Na yi shi yadda ta ce, ban rage komai ba. Na hau gada na duba. Na ga za a sa mutane a ciki, har da wata mai ɗiya ƙarama. Na koma na ɗauki dalma uku na tura ƙarƙashin kujerar dama. Jirgin ya ɗan ɗago.

Suka fita. Daga bakin tafki ina ganin bayan jirgin, kumfa fari ta ko'ina, ruwan ya hargitse, babu fuska mai santsi. Mai allon ya saki igiya ya nutse. Ya sake, ya nutse. Madam ta dawo tana zagin famfo. Ta ce jakar ba ta cika ba.

Laraba na rantse ba zan taɓa ba. Na taɓa. Huɗu ma na mayar, don mutanen ranar manya ne. Wasu da suka yi booking na yamma suka ji labari daga na safe, aka yi cancel. Madam ta sa aka ɗaga jirgin, ta shiga ƙarƙashi tana duba farfela. Ni na riƙe mata fitila. Tana tambayata ko na ji injin yana wani ƙara, na ce ban ji ba.

A ranar direban bas ya turo mini saƙon murya. Wai ya sayo gadon yara, za a kawo Juma'a, ko zan iya matsar da jakata bayan ƙofa.

Alhamis ta kama ni. Tabarau ɗinta ya faɗi, ta ɗaga kujerar dama tana nema. Ta daɗe tana kallon buhunan. Ta ciro su ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan gada. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wa ya sa waɗannan a nan?"

"Ni."

"Jiya ma?"

"Da shekaranjiya."

"Ka bar ni na kwanta a ƙarƙashin jirgi kana riƙe mini fitila?"

Ta nuna buhunan da ƙafa.

"Me ya sa?"

"Jirgin da ya karkace yana cin mutane, Madam."

Ta ce shekararta ashirin da wani abu tana tuƙa wannan tafkin, ba ta taɓa rasa ko kare ba. Ta ce ba ta ɗauke ni don in koya mata ruwa ba. Gobe Juma'a babu fita. Asabar akwai wasu samari huɗu da suka kama safiya gaba ɗaya. In raƙumin bai tashi ba, kada in jira ta yi magana, in kama hanyar bas.

Na sami dattijon a bayan rumfa yana cin burodi da sadin. Labari ya riga ni.

"Sarkin ruwa! Ka zo London ka gyara wa Bature jirgi. Sannu da ƙoƙari."

"Baba, bar ni."

"Ba zan bar ka ba. Ni na kawo ka, fuskana ka zubar. Wannan jirgi ka ga ya yi kama da katakon garinku? Dubi zurfin cikinsa. Soso ne cike a bangonsa. Ko ka cika shi da ruwa ba zai tafi ƙasa ba. Kowa kuma da rigan ruwa a wuya."

"Na sani."

"To in ka sani?"

"Kaina ya sani. Hannuna ne bai sani ba."

Ya daina tauna. Ya gutsuro burodin ya miƙo mini. "To ran Asabar ka sa hannun a aljihu. Kana tari kamar tsohon janareto, ina za ka kwana? Ni ɗakina mu uku ne, ba wuri."

Asabar na iso tun rana ba ta gama fitowa ba. Na jefa bakin famfo a ruwa, na haɗa tiyo da babbar jaka. Tana kumbura, gindin jirgin yana sauka. Na buɗe murfin sama na fitar da iska har ruwa ya tofo, na rufe. Na cika ta ƙarƙashin kujera. Na cika ta goshi. Sai dalma. Ina ɗauka ina cewa bisimilla, ina turawa hagu. A na shida hannuna ya tsaya. Na zauna a ƙasan jirgin na yi tari har idona ya kawo ruwa. Na tura na shida, na bakwai, na takwas. Ban hau gada na duba ba. Na san in na duba zan taɓa.

Madam ta zo ta ɗaga kujerar dama a gabana. Ta sauke.

Samarin uku ne suka zo maimakon huɗu, kuma duk sirara. Ta dube su, ta dubi jirgin, ta ce nauyin ba zai isa ba. Ta nuna ni.

"Sa riga. Shiga ka zauna can."

Kusurwar baya ta hagu take nufi, inda ya fi nutsewa. Tun daga waccan ranar kasuwa ban sake shiga jirgin da ya karkace ba. Na dubi hanyar bas. Na sa rigar na shiga.

Da na zauna jirgin ya ƙara kwanciya. Na sa hannu a bakinsa, yatsuna suka taɓa ruwa. Tsakanin ruwa da ciki bai fi taƙi ɗaya ba. Ta tayar da inji. Goshin ya ɗaga sama, gindin ya shige, na ji kamar ana ja na baya cikin rami. Na riƙe ƙarfen kujera. Ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Kumfa ta fara tashi a baya kamar kullum. Sai ta gudu dama gaba ɗaya. A hagu, daf da kafaɗata, ruwan ya miƙe tsaye, kore, sumul, ya kai ƙugun mutum. Saurayin da ke kan allo ya shigo cikinsa. Igiyar ta yi sako-sako a hannunsa. Ya jefo ta, ta faɗo a cinyata. Bai nutse ba. Abokansa suka fasa ihu.

Ɗayansu, wanda ke zaune kusa da Madam a dama, ya miƙe da waya a hannu zai tsallako wajenmu ya ɗauki hoto. Na ga ƙafarsa ta taso, na ga bakin jirgin ya sunkuya.

"Zauna!"

Da Hausa na faɗa, da muryar bakin kogi. Bai san kalmar ba amma ya zauna daɓas, wayar ta faɗi a ƙasan jirgi. Madam ta dube ni ta madubi. Na ce a raina shi ke nan, na yi wa kwastoma tsawa.

Awa uku muka yi. Duk wanda ya faɗi sai ta rage wuta a hankali, ta juya, raƙumin ya bi ta ƙarƙashinmu ya ɗaga mu ya sauke. Ban motsa daga kusurwar ba.

Da samarin suka tafi ta ɗaure jirgi ta tsaya a kaina.

"Ba a yi wa kwastoma ihu a jirgina. In wani zai tashi, ni za ka gaya wa."

"To, Madam."

"Da ya tsallako da mun sha ruwa ta baya. Ba za mu nutse ba, amma da mun sha." Ta cire tabarau ta goge. "Duk ranar da mutane ba su kai ba, kai ne za ka zauna nan. Za ka iya?"

Ban san ko zan iya ba. Na ce zan iya.

"Hitar karaban ɗin sai an buga mata ƙafa take kamawa. Rufin yana yoyo ta wajen ƙofa. Ba ni da kuɗin gyara bana."

"Zan shiga haka."

"Yau?"

"Yau."

Ta ce in fara zubar da ruwan jakunkunan tukuna, kada su kwana a cike. Ta tafi ofis.

Na rarrafa na juya famfo, na sa tiyo a waje, na zauna ina jin ruwan yana komawa tafki.