Gidan Dakoro a Kan Kwali

Shekarar da wani kamfani a Yamai ya ce zai buga wasan kwali mai kama da ludo, kowane gida da sunan gari, mahaifina ya ɗauki abin da zafi. Gidajen kaɗan ne, garuruwa da yawa, don haka aka ce jama'a su zaɓa ta waya, kowace lamba ƙuri'a ɗaya.

Baba dillalin shanu ne a Dakoro, bai taɓa wasan komai ba sai dara a ƙasa. Ya kira ni ina buro, wurin aikina, a Yamai.

"Ka ji zancen kwalin ga? So nike jikokina su ga sunan garinsu, tunda kai ba ka kawo su su ga garin. Ka tara mutanenmu na nan."

Na ce to, Baba.

Ƙanwata ta ba ni labarin yadda ya yi. Ranar kasuwa ya bar ciniki, ya bi makiyaya ɗaya bayan ɗaya yana karɓar wayoyinsu, ita tana danna masa. Har garin Ɗan Gulbi Baba ya hau mota ya je, da ciwon gwiwarsa. Mutane suna yi masa dariya, wai tsoho ya shiga kamfe.

Ni kuwa ban tara kowa ba. A buro rigimar tsakanin Maradi da Damagaram ce, kuma shekara ashirin ke nan duk wanda ya tambaye ni garinmu, Maradi nake cewa, don na gaji da bayanin inda Dakoro take. Na ce wa kaina Dakoro ba za ta kai ba, me zai sa in zubar da ƙuri'a? Na danna Maradi, na sa matata ma ta danna.

Dakoro ba ta kai ba. Ƙuri'unmu biyu ba su ne suka kayar da ita ba, na sha faɗa wa kaina haka, amma bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Da babbar salla na kai iyalina gida. Babbar 'yata, mai shekara tara, ta ɓoye kwalin wasan, wanda ya riga ya fito kasuwa, cikin kayanta ban sani ba. Bayan la'asar ta shimfiɗa shi a tabarmar Baba a zaure. An riga an gaya masa sakamakon, amma bai iya karatun boko ba, kuma ina jin bai gama yarda ba.

"Amarya, duba mani da kyau, ko sun sa mu a wani lungu."

Ta bi gidajen da yatsa tana karantawa har ta zagayo. Sai ta tsaya a kan ɗaya, da murnarta.

"Kaka, ga garinmu nan ai. Maradi."

"Wa ya ce maki nan ne garinku?"

Ta nuna ni.

Na so ya yi faɗa, don ya iya faɗa. Bai yi ba. Ya dube ni, ya ɗauki 'yar ƙwayar wasan ya juya ta a tafin hannunsa, ya tambayi yarinyar yadda ake jefawa. Suka yi wasa har aka kira magariba, ina zaune a gefe kunya ta hana ni motsi.

Ya yi shekara biyu a duniya bayan nan. Muna waya kowace Juma'a, yana tambayar aiki da lafiyar yara. Bai sake tambayata yaushe za mu zo gida ba.